Guɗa Don Asabari Ɗaya

Yau kwana huɗu ke nan ruwa bai ɗauke ba a Treichville. Ba ruwan tsawa da walƙiya ba ne, wannan dai na Abidjan mai naci, wanda zai ɗan tsagaita ka ce ya gama, kana fitar da ƙafa ya dawo. Bango ya yi gumi, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, gwiwoyina kuwa sun fi kowa sanin halin da ake ciki. Ɗazu da hantsi ina zaune bakin taga sai wani ɗan haske ya faɗo kan tabarmata. Ban san lokacin da na zabura ba, har ina laluben takalmi, wai zan fitar da asabari. Sai da na kai ƙofa na tuna asabarin ya daɗe da zama makamashi, mai shi kuma shekara tara ke nan yana kwance a maƙabarta, Allah ya jiƙansa. Na koma na zauna ina yi wa kaina dariya, daminarmu ta farko a garin nan ta dawo mini ɗanya shar.

Da rani muka iso, ni da Maigida, a bayan motar goro, ban cika shekara da aure ba. Shi mahauci ne, kilishi kuwa gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Mutum ne dogo, marar magana, in ya ce maka kalma biyar a yini to ranar yana cikin nishaɗi. Muka kama ɗaki guda a wani gidan haya, irin wanda a nan ake kira kur: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙabila kuwa ta kai bakwai. Watannin farko abin ya yi kyau. Da asuba ya tafi kwata ya sayo cinya, ya zauna ya yanyana ta siririya har kana ganin haske ta cikinta, ya shimfiɗa a kan asabari. Asabari shida ne, ya kafa kowanne a jikin katako, sai mutum biyu ke iya ɗaukar ɗaya. Ni nawa aikin daka labu, wato ƙullin ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari da barkono da ake tsoma naman a ciki bayan ya sha rana. A sake shanyawa, a nuna wa wuta, ya naɗe a takarda ya haye gada zuwa Adjamé, kusa da tasha. Kafin la'asar ya dawo da tire wayam.

Sai damina ta faɗi, azumi ya kama a cikinta.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. A garinmu ruwa ba ya zuwa bai yi sallama ba: gabas za ta yi baƙi, iska ta taso, kaji su gudu, ka kwashe shanyarka a tsanake. In ya zuba ya wuce, rana ta fito kamar ba a yi ba. Da wannan ilimin Maigida ya zo. Kullum zai tsaya tsakar gida ya sa hannu a goshi ya dubi gabas, ya ga fari tas, ya ce a fitar. Mu fitar, ya sa kai ya tafi. Ruwan Abidjan kuwa ta bayansa yake zuwa, daga wajen teku, ba iska ba gargaɗi. Ni kaɗai ba na iya ɗaga asabari, kafin in ja na biyu zuwa ƙarƙashin rumfa sauran sun yi sharkaf.

Wanda ruwa bai taɓa ba ma bai tsira ba, don iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Naman zai kwana ya wuni a rumfa bai bushe ba, ya fara yauƙi, ya yi kore-kore, ƙuda ya yi masa rubdugu. Warin nan har yau in na tuna sai na ji shi a maƙogwaro. Wani ya ba Maigida shawara ya ƙara yaji ya gasa ya kai kasuwa hakanan, wa zai sani? Ya dube shi, ya kwashe naman a bokiti ya je ya binne. Haka ya binne na Litinin, ya binne na Alhamis. Ga azumi, ga zafi mai danƙo da ke manna maka riga a jiki ko ana ruwa. In an kira magariba a babban masallaci mu sha koko, mu ci acheke, wato turararren garin rogon nan, da manja da barkono. Matar mahauci guda, amma na yi kwana goma tsoka ba ta shiga bakina ba.

Ranar goma ga wata, muna gama buɗe baki, Maigida ya yi gyaran murya. Na san magana ce babba, don ba ya ɓata gyaran murya a banza.

"Hansai, in abin nan bai gyaru ba, bayan sallah zan sa ki a mota ki koma gida. In saki ɗakin, in riƙa kwana a kwata da samari. In abubuwa sun daidaita zan aiko."

Na ce to. Me zan ce? Uwata ta rasu, ubana ya rasu, gidan da zan koma na kawu ne. Kuma na san wannan "zan aiko" ɗin. A unguwarmu kaɗai akwai mata biyu da mazansu suka tafi kurmi suka ce za su aiko, ɗaya har furfura ta fito mata tana sauraron mota. Ba don mazan mugaye ne ba, nisa ne ke cin alkawari a hankali. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ina son mutumin nan, duk da rashin maganarsa.

A ɗakin da ke kallon namu akwai Iya Dije, tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin titin masallaci. Bahaushiya ce amma a Treichville aka haife ta, kakanta fataken goro ne, Hausarta duk ta sha Faransanci. Iya tana da wata ɗabi'a da ta fara ba ni kunya: guɗa. A garinmu sai an kawo amarya ko an haihu ake guɗa. Iya kuwa in famfo ya kawo ruwa bayan kwana biyu, sai ta toshe hanci ta rangaɗa. In wutarta ta kama da tsinken ashana ɗaya a wannan damshi, guɗa. Ranar farko da na ji, da gudu na fito ina gyara ɗankwali, ina tambayar mace ce ko namiji. Ta ce, "Tsinke ɗaya, 'yar nan! Tsinke ɗaya tak!" Na koma ɗaki na ce a raina tsufa ya fara taɓa baiwar Allah.

Ita ce ta ga ina jan asabari ni kaɗai a cikin ruwa ina kuka, ta ajiye matankaɗinta ta kama ɗaya gefen. Washegari rana ta yi ta wasan ɓuya. Muka fitar, muka shigar, muka fitar, muka shigar, sau bakwai, da azumi a bakinmu, har ina ganin duhu-duhu. Da yamma biyar sun lalace. Ɗaya kuwa, wanda ya fi samun rana ta gefen katanga, ya bushe ƙayau. Iya ta ɗaga yanki guda ta karya, ya ce ƙas. Ai kuwa ta toshe hanci ta sake ta, har tantabaru suka tashi daga kan kwano.

Daidai nan Maigida ya shigo, ya tsaya da bokitin binnewa a hannu, fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

"Iya, biyar fa suka ruɓe."

"Na sani, Sarkin Fawa, ai ina da hanci. Biyar ɗin kai ka yi musu kuka, na ga ka iya. Ni wannan ɗayan nake yi wa. Wala, shi ke nan!"

Matan gidan suka firfito. Madam Akisi, wata 'yar ƙabilar Baule mai bandar kifi a bayan gida, ta zo da wuƙa a hannu tana tambayar wa ya haihu. Iya ta ce nama ne ya bushe. Aka tuntsire da dariya, har da masu riƙe ciki. Madam Akisi ta dubi bokitin Maigida ta ce masa "yako", wato sannunsu ta jaje, sannan ta dubi asabari ɗayan nan ta yi masa 'yar rawa. Shi dai ya wuce fuu. A ɗaki ya ce da ni wannan ai guɗa ce a gidan makoki, a mai da mutum abin dariya. Ni kuwa abin da na lura da shi daban ne: rabona da dariya tun kafin azumi, kuma ranar na yi.

Daga nan abin ya zama al'adar gidan ba tare da wani ya tsara ba. Da rana ta leƙo, Iya ta rangaɗa guɗa, matan da ke gida su fito, biyu-biyu su kama asabari, kafin ka ce kwabo duka shida suna waje. In ruwa zai dawo, Madam Akisi ce ke kwaɗa ihu, don ita ta san inda ake kallo. Ita ta ja ni gefe wata rana, rabi da baki rabi da hannu, ta ce wai me mijina ya ajiye a gabas da yake ta leƙe? Ta juya ni ta nuna min kudu, wajen lagun, wato babban tafkin garin, da teku. Na kai masa maganar da dabara. Ya ce tun zamanin kakansa hadari daga gabas yake tasowa, ba mai bandar kifi ce za ta koya masa sama ba.

A wajenta kuma na ga yadda take rufe garwashi da toka, zafi na tashi ba hayaƙi. Na ce da Maigida mu gwada, ko naman zai jure har rana ta fito. Ya ce kilishi ɗan rana ne, ba kifi ba ne. Da ya tafi Adjamé na ari tsofaffin murhunan Iya, na jera a rumfa, na ɗora asabari can sama a kan bulo, na wuni ina fifita ina juyawa, gumi na bin gadon bayana, ƙishi kamar zan haɗiye harshe. Labun ma da ƙiyasi na haɗa, tunda mai azumi ba shi da bakin ɗanɗano. Kwana biyu naman bai yi yauƙi ba. A na uku rana ta ba mu sa'a biyu, ta ƙarasa aikin.

Da aka sha ruwa na ajiye masa yanki a gabansa, na faɗa masa gaskiyar yadda aka yi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya shinshina, yana neman warin hayaƙi, bai samu ba. Ya tauna, ya tauna, ya haɗiye.

"Ba laifi," in ji shi.

Ashe Iya na bakin ƙofa ta kasa kunne. Sai guɗa. Ta ce daga bakin wannan bawan Allah "ba laifi" ai kujerar Makka ce.

Ni ma a kwanakin nan na koya. Ta farko da na yi kamar an taka wutsiyar kyanwa, Iya ta ce in daina matse hancin kamar ina jin haushinsa. Muka yi wa asabari biyu guɗa, muka yi wa uku. Muka yi ranar da ya dawo da tire wayam, muka yi ranar da na tsinci gutsuren nama a miyata. Ba wai tsoron ya tafi ba, yana nan daram. Amma da can ina farkawa da tunanin motar goro, yanzu kuwa ina farkawa ina tunanin yau me za mu samu mu yi wa ihu. Wuni ya daina yi mini tsawo.

Shi fa bai sauya ba. Abin da ya ruɓe yake gani, kuma ba ƙarya yake ba, har lokacin ana binnewa. Ana saura kwana uku sallah ya ce ya yi magana da wani Alhaji mai goro, motarsa za ta tashi daga Adjamé washegarin sallah da hantsi, matarsa ma tana ciki, zan samu abokiyar tafiya. Na ce, "Amma ai abin ya fara gyaruwa." Ya ce asabari biyu ba su riƙe aure, damina kuma da sauranta. Jajibere ya tattara abin da ya rage masa ya sayo nama na ƙarshe, ya cika asabari shida, ya ce in wannan ya tafi shi ke nan, ya ajiye wuƙar kilishi ya koma yi wa wasu fiɗa.

Ranar sallah a cikin ruwa aka yi idi. Iya ta yi kwalliya ta tafi tashar Bassam, za ta kwana biyu wajen 'yarta. Ta rungume ni ta ce, "Kuraj, 'yar nan, ki daure," ta juya da sauri don kada in ga idonta. Naman yana rumfa a kan garwashi, ya shiga kwana na biyu, ya kai iyakar juriyarsa. In bai ga rana ba a ranar ta uku, sai bokiti.

Gari ya waye da yayyafi. Na ɗaure akwatina da igiya, na yi wanka, na sa zanen da na zo da shi. Maigida ya ɗora akwatin a ka, na bi shi a baya. Mun kai bakin zaure ke nan sai yayyafin ya tsaya cak, haske ya zubo tsakar gida, har tururi na tashi daga siminti.

Ya tsaya. Ya ɗaga kai zai dubi gabas yadda ya saba, sai na ga ya yi jim, ya juya da akwatin a kansa, ya dubi kudu. Sama ta buɗe tas ta wajen teku, shuɗiya, babu ko ƙyallen girgije.

"Hansai, rana."

"Na gani."

"To ki yi mana abin nan."

"Wane abu?"

"Abin nan naku, ke da Iya."

Ina sane sarai. Amma zuciya ta ciyo ni. Na ce a raina ya ruɓe mana, ni ina ruwana, wa zai ci? Na ce masa, "Ni matafiyiya ce, Malam. Matafiyi ba ya guɗa."

Matan gidan duk suna ɗaka, gajiyar sallah da sanyin ruwa sun kwantar da kowa. Shi kuwa wata shida muna gidan bai san sunan ko ɗaya ba, bai iya yarensu ba, kuma ba mutumin da zai je yana buga ƙofar matan mutane ba ne. Ya dubi rumfa, ya dubi rana, ya dube ni. Na kau da kai. Sai na ji ya sauke akwatin a ƙasa.

Da na waiga, ga Maigida, mahauci ɗan mahauci, da gemunsa da hularsa ta sallah, ya kama hancinsa da yatsu biyu, ya rufe ido.

Wallahi ban taɓa jin abu mai muni irin wannan ba. Ta fito a shaƙe, ta hau sama, ta karye a tsakiya kamar ɗan zakara mai koyon cara. Bai daddara ba, ya ja numfashi ya sake. Ƙofofi suka fara buɗewa. Madam Akisi ce ta fara fitowa, ta ga mai yin, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. Sauran suka fito, wannan ta dafa bango, waccan ta dafa 'yar'uwarta. Shi ko gezau, kunyar duniya a fuskarsa, yana nuna rumfa da hannu. Suna dariyar suna ɗauka. Ban san lokacin da na ɗaure gyalena a ƙugu na kama gefen asabari ba, sai gani na yi shi ke riƙe da ɗaya gefen.

Ranar rana ta yi mana mutunci har bayan azahar. Muka juya, muka tsoma a labu, muka sake shanyawa, ƙamshin citta da ƙuli ya cika kur ɗin. Akwatina yana nan bakin zaure inda ya ajiye shi, kaza har ta hau ta sauka. Hantsi ya wuce, na san motar goro ta yi nisa, ban ce komai ba, ina tsoron in tuna masa. Da la'asar ya ɗaga yanki ya karya, ya ce ƙas. Biyar suka yi, ɗaya ya lalace. Ya dubi lalataccen, na ga bakinsa ya motsa, sai kuma ya juya ya dubi biyar ɗin.

Ya je ya ɗauki akwatin, ya wuce ni ya shiga da shi ɗaki. Daga ciki, ba tare da ya dube ni ba, ya ce:

"Kwance igiyar nan, za a yi shanya da ita. In kin tafi wa zai riƙa yi mini abin nan? Kin dai ji ni ban iya ba."

Na zauna a kan akwatin na yi kukan da na riƙe tun da aka sa ranar tafiyata, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ya kai haka ba. Da Iya ta dawo ta tarar da ni ina daka labu, aka ba ta labari, ta ce ita kam an cuce ta, shekara sittin tana guɗa, ranar da ta fi kowace sai aka yi ba ta nan. Har ta rasu Sarkin Guɗa take kiransa, shi kuma bai sake yi ba, ko ranar da aka haifi ɗanmu Lawal.

Lawal ɗin ne yanzu ke riƙe da sana'ar a Adjamé. Yana da wata na'urar lantarki mai kama da firji, ya zuba nama ya murɗa, ya koma kan wayarsa. Bai san gabas ba bai san kudu ba, damina da rani duk ɗaya ne a wajensa, kuma na gode wa Allah da hakan. Kilishinsa ba laifi.

Ina cikin wannan tunanin hasken da ke kan tabarmata ya faɗaɗa, ya hau bango. Na dafa sanda na fita tsakar gida, gwiwar ta yarda ta kai ni har bakin famfo ba tare da na tsaya ba. Na dubi kudu, sama ta buɗe. Sai kawai na kama hancina. Wata matashiya da ta kama ɗakin Iya na da ta leƙo a firgice.

"Mama, sa ba? Lafiya? An haihu ne?"

Na ce a'a, rana ce ta fito. Ta dube ni irin kallon da na taɓa yi wa Iya, ta koma ciki. Ban damu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne muryar, don tsufa ya cinye tawa. A shaƙe ta fito, ta hau sama, ta karye a tsakiya, sak irin tasa.